REDIYO MAI BAKI GA 'YA'YAN TALAKAWA

Wannan shi ne jawabin da Akawun Jam'iyya ya yi a taron reshen 'yan kasuwa. 'Yan taro sun roƙa a buga shi dukansa domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Sannunku da rufe rumfuna tun rana ba ta faɗi ba, na san abin da wannan ya ci muku na ciniki.

Kwamitin ilmi na jam'iyya ya sa ni in yi muku bayanin wata bukata da mu ke so mu haɗa cikin takardar da za mu kai wa hukumar ilmi, watau a kafa ƙungiyar rediyo a makarantun gwamnati inda 'ya'yanmu ke karatu. Na san abin da ke zuciyar waɗansunku. Yara suna zaune a ƙasa, rufin aji yana yoyo, malami yana bin bashin albashi, ga akawu kuma ya zo da zancen rediyo. Gaskiyarku. Kujera da rufi da albashi su ne a saman takardar, ba kuwa za mu sauke su ba. Amma ku ba ni aron hankalinku har in kai aya. In kun ga maganar ba ta da mai, ku watsar da ita.

Ba na jin akwai mutanen da suka fi mu riƙon rediyo. Mai shayi yana da shi, mai gadi yana da shi, makiyayi yana rataye da nasa a kafaɗa cikin daji. Amma ku duba irin rediyon da aka ba mu tun farko. Sa'ad da Turawa suka kawo shi Ikko a 1935, suka kuma kai shi Kano a 1944, ba akwati ba ne mai neman tasha. Waya ce a ke jawowa daga ofishinsu har cikin gida ko bakin kasuwa, a maƙala ɗan akwati mai lasifika, ka biya kuɗin wata, abin da suka zuba a ciki shi za ka ji. Iyakar ikonka ka ƙara murya, ko ka rage, ko ka kashe. Daga baya aka sami sashen Hausa na BBC a 1957, da gidan rediyon Kaduna a 1962, yau kuwa tashoshi sun yi yawa har mutum ba ya iya ƙirga su. Duk da haka rabon bai sake ba. Mai kuɗi da mai mulki su ke da baki, talaka kunne ne nasa. In ma an ba ka fili ka bugo waya, da kuɗinka za ka buga, in kuwa ka taɓa inda ba a so sai a ce layi ya katse.

To, akwai wani irin rediyo dabam, mai kunne da baki duka biyu. Mutum ya kan ajiye shi a ɗakinsa, ya ɗaure wayarsa bisa itace, ya yi kira, wani a Masar ko Brazil ya amsa masa. Ba kamfani a tsakani, ba kati, ba turken waya. Masu wannan aiki ba don kuɗi su ke yi ba, don sha'awa ne da neman sani, shi ya sa zan kira shi rediyon 'yan sha'awa. Ba kuwa aikin ɓoye ba ne. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu zangunansu, suna kuma da ƙungiyarsu ta duniya wadda aka kafa a birnin Paris tun 1925. Ko wane ɗayansu sai ya ci jarrabawa kafin gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lasisi da lambar kira. Lambar ɗan Nijeriya da 5N ta ke farawa, ta ɗan Nijar da 5U, ta ɗan Gana da 9G, Kamaru TJ, Cadi TT, Sudan ST. Da jin lambarka an san inda ka fito, kamar yadda a da a ke gane mutum da tsagen fuskarsa. A ƙasar nan ma akwai su, har suna da ƙungiya, sai dai ba su da yawa.

Bari in ba ku labarin yadda mutanen nan suka kunyata masana, gama a cikinsa hujjarmu ta ke. A 1901 Markoni ya aika da alama ta iska daga Ingila, ta ƙetare tekun Atlantika. Daga nan samari suka duƙufa, kowa yana haɗa nasa a gida, har gwamnatoci da masu jiragen ruwa suka ce yaran nan suna cika musu kunne. A 1912, shekarar da jirgin Titanic ya nutse, Amurka ta yi doka ta kore su daga dogayen zanguna, ta ce su tsaya daga mita 200 zuwa ƙasa. A lokacin nan masana sun ɗauka gajeren zango ba ya zuwa ko ina. Watau fako aka yanka musu aka ce su je su noma. Sai kuwa suka noma shi. A watan Nuwamba 1923 wani Bafaranshe, Leon Deloy, yana garin Nice ya yi zance da Fred Schnell a Amurka a kan zango mai wajen mita 100, da wutar da ba ta kai ko kusa da ta manyan tashoshin kamfani ba.

Wanda ya fi shafarmu shi ne abin da ya faru a shekarar da ta biyo. Akwai wata makaranta a Landan mai suna Mill Hill, wadda ta ajiye na'urar rediyo domin yaranta. Ran 18 ga Oktoba 1924 wani saurayi ɗan shekara 18, Cecil Goyder, yana zaune gaban na'urar nan ta makaranta, sai ya sami amsa daga wani makiyayin tumaki, Frank Bell, a ƙasar Niyu Zilan, wajen kilomita 19,000, can ɗaya gefen duniya. Da ƙwanƙwasa irin ta tangaraho suka yi zancen. Kafin ranar nan ba wanda ya taɓa yin kira ta iska aka amsa masa tsakanin ƙasashen nan biyu, ko gwamnati ko kamfani. Saurayin daga baya shi ya zama babban injiniyan gidan rediyon Indiya. 'Yar'uwar makiyayin kuwa, Brenda Bell, ta karɓi na'urar ta ci gaba da aiki, ta zama mace ta farko mai wannan sha'awa a ƙasarsu. Gajeren zangon da kuka tashi kuna jin labarun duniya a kansa, fakon nan ne da aka jefa wa yara.

Yanzu in tambaye ku. Shekara nawa kuna jin mai shela yana cewa a kan mita 41, a kan mita 49? Mitar mene ne wannan? 'Yan yadi, ku da ke awo kullum, me a ke aunawa? In ka jefa dutse cikin kududdufi za ka ga ruwa yana yin zobe-zobe suna bazuwa. Haka wayar rediyo ke yi in wutar lantarki tana kai da komowa cikinta da sauri, sai dai zoben nata ido ba ya gani. Tsakanin zobe ɗaya da na bayansa shi ne zango, shi a ke aunawa da mita. Gudunsa kuwa gudun haske ne, kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Sabo da haka lissafin ba wuya. Tashar da wutarta ke kai da komowa sau miliyan 7.3 a daƙiƙa, ka raba 300 da 7.3, ka sami 41. Ga mitar taku. Dab da ita, wajen miliyan 7.1, nan 'yan sha'awa ke da ɗaya daga cikin wurarensu. Yaron da ke son ya yi magana a nan tilas ya yanka waya rabin zango, watau wajen mita 20, ya raba ta biyu, ya ɗaure tsakanin itatuwa. In ya karkace a lissafi ba malami ne zai gaya masa ba, na'urar ce za ta ƙi, sai ya sauko da wayar ya sake awo. Ba bulalar da ta kai wannan koya wa yaro raba lamba.

Ku da ke kwana a kasuwa ko a tasha kun sani tashoshin nesa sun fi shigowa da dare. Ga dalili. Can sama, daga wajen kilomita 60 har zuwa 400 da ɗoriya, hasken rana yana sake iskar da ke wurin ta zama kamar madubi ga rediyo. Saƙo ya tashi daga ƙasa ya bugi madubin, ya komo ƙasa can nesa, ya sake tashi, kamar ƙwallon roba, da haka ya ke kewaya duniya. Da rana akwai wani shimfiɗi a ƙasa-ƙasa da ke shanye waɗansu zanguna kafin su kai madubin. In rana ta faɗi sai ya watse, hanya ta buɗe. Ƙarfin madubin kuma yana hawa yana sauka bisa ga tabban da ke fitowa a fuskar rana, wajen ko wace shekara 11. Samanmu ma na nan ba irin na Turai ba ne, gama layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu ya ratsa ta ƙasarmu, a kan binciken wannan Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna tun yana Jami'ar Ibadan. Yaron da ya riƙe littafi yana rubuta wace ƙasa ya ji, da ƙarfe nawa, cikin wane wata, ya shiga kimiyya ke nan ko bai sani ba.

Ku gwada wannan da yadda a ke koya wa 'ya'yanmu. Ni a makarantar mishan na yi karatu, abin da na gani a can kuwa ba wani asiri ba ne. Batir da waya da ƙwan fitila a kan sa a hannun yaro a ce masa haɗa mu gani. A makarantar unguwa malami ya zana batir a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, su manta. Ba laifin malamin ba ne, shi ma haka aka yi masa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, mu kuwa shekara da shekaru ji kaɗai mu ke ba yara, sa'an nan mu ce ba su da kan kimiyya.

Farkon abin da ƙungiyar za ta haɗa ko batir ba ya bukata. Wayar jan ƙarfe a naɗe a jikin gorar roba, da ɗan ƙaramin abin nan da masu gyara ke kira dayod, da abin sawa a kunne, da doguwar waya a sama, da ƙarfe a kafe cikin ƙasa mai laima. In akwai tashar matsakaicin zango mai ƙarfi kusa, yaro zai ji magana, ƙarfin da ke cikin iska kaɗai ke motsa abin. Yawancin kayan nan suna cikin matattun rediyoyin da ke jibge bayan rumfunan masu gyara. Kada ku raina juji. Joseph Taylor, wanda ya ci lambar Nobel a 1993 sabo da binciken taurari, a gonar danginsu ya tashi a jihar New Jersey ta Amurka, shi da ɗan'uwansa kuwa da ragowar kayan soja da matattun akwatunan talabijin suka riƙa haɗa rediyonsu suna yara. Da ya tsufa ma bai bari ba. A 2017 shi da abokinsa suka fito da wata dabara ta kwamfuta mai suna FT8, wadda ke tsamo saƙon da ya yi rauni har kunne ba ya jinsa.

Ga kuma abin da ya fi jan hankalin yara. A ƙarshen 1983 wani ɗan sama-jannati Ba'amurke, Owen Garriott, ya hau kumbon Columbia da ɗan rediyonsa na hannu, ya yi zance da 'yan sha'awa a ƙasa, har da Sarki Husaini na Jodan, wanda shi ma ɗan sha'awa ne mai lamba JY1. Daga nan aka ga abin zai yi wa makarantu amfani. Mutane sun tare a tashar sararin samaniya ta duniya a watan Nuwamba 2000, ran 21 ga Disamba na shekarar kuwa yaran wata makaranta a Burbank, jihar Illinois, suka yi wa kwamandan tashar, Bill Shepherd, tambayoyi ta rediyon 'yan sha'awa, yana amsa musu ɗaya-ɗaya. Sunan shirin ARISS. A 2016 aka cika zantawa ta 1,000 da makarantu da ƙungiyoyin yara a ƙasashe dabam-dabam.

Tashar nan tana bisa kanmu da wajen kilomita 400, kamar tafiyar Kano zuwa Abuja a mota. Tana gudun wajen kilomita 28,000 a awa, tana kewaye duniya cikin awa ɗaya da rabi. Ta samanmu ta kan bi. In kun ga wani tauraro mai haske bayan magariba yana tafiya shiru ba ya ƙyaftawa, sau da yawa ita ce, da mutane a ciki. Daga ɓullowarta zuwa faɗuwarta bai fi minti 10 ba, sabo da minti goman nan kuwa makaranta kan yi watanni tana shiri. Yara su lissafta rana da sa'a, su san ta wace kusurwa za ta fito, su zaɓi tambayoyi, su gyara Turancinsu, su haɗa eriya. A kan yi eriyar da tef ɗin awo na kafinta da bututun roba na famfo. Muryar tana saukowa a kan miliyan 145.8, ku raba 300 da shi, mita 2 ke nan da ɗan kai. Kun kuma san yadda hon ɗin babbar mota ke yin siriri in tana tahowa, ya yi kauri in ta wuce. Haka saƙon tashar ke yi sabo da gudunta, sai yaro ya riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan yana binsa. Abin da littafin sakandare ke kira da sunan Doppler, ga shi a yatsunsa. Makarantar da ba ta da na'ura ma a kan haɗa ta ta waya da wani ɗan sha'awa mai tasha a wata ƙasa. Wani lokaci kuma tashar ta kan aiko da hotuna, ɗan rediyon hannu da wayar salula sun isa a kama su.

Wani zai ce wannan wasan 'ya'yan Turawa ne, ina ruwan Nijeriya? To, ga ruwanta. Martin Sweeting ɗan sha'awar rediyo ne. A Jami'ar Surrey ta Ingila shi da 'yan abokansa suka ƙera ƙaramin tauraron ɗan'adam, aka harba shi a 1981, suka sa masa murya mai faɗin lambobi domin 'yan makaranta su ji shi da ƙaramin rediyo. Daga wannan aiki kamfani ya fito a 1985. Da Nijeriya ta so tauraronta na farko, NigeriaSat-1, wanda aka harba a 2003, wurin kamfanin nan ta kai kuɗinta. Can aka koya wa injiniyoyinmu, can kuma suka ƙera NigeriaSat-X da aka harba a 2011. Watau abin da wani ya fara da sha'awa, mu da miliyoyin daloli muka saya. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Akure da wata jami'a a Koforidua ta Gana suka sami nasu ƙanana, ko wane gefe santimita 10, a Japan aka haɗa su, a kan zangon 'yan sha'awa kuma suka yi magana da ƙasa har suka faɗo a 2019. A 2018 aka harba tauraron ƙasar Katar, Es'hail-2, ya tsaya wuri ɗaya bisa Afirka, wajen kilomita 36,000, ɗauke da na'urar 'yan sha'awa wadda ke kaiwa daga Brazil har Tailan. Dish irin na kallon ƙwallo da ɗan abin da a ke soka wa kwamfuta sun isa a saurare shi. Yaran nan da ke hawa rufin gidajenku suna saita dish sun riga sun iya rabin aikin. Abin da ba a gaya musu ba shi ne dalilin da ya sa ya ke yi.

Na san abin da samari za su ce: ga waya a aljihu, mene ne na ɗaura igiya a itace? Waya tana da amfani, ni ma ga tawa. Amma rufaffen akwati ce, abin da ta ke koya wa yaro latsawa ne da sayen kati, linzaminta kuma a hannun wani ya ke. Kun tuna ran 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, yadda aika kuɗi ta banki ya cije, mai saye yana tsaye, mai kaya yana tsaye. A watan Disamba 2004 da teku ta yi ambaliya a tsibiran Andaman na Indiya, waya ta mutu, wuta ta mutu, wata mata 'yar sha'awa mai suna Bharathi Prasad da abokan tafiyarta su ne suka juya na'urorinsu suka yi kwanaki suna isar da saƙon masu rai ga danginsu.

Abu na biyu shi ne wanda na tabbata hukuma za ta fake da shi, watau tsaro. Za a ce ƙasa ba lafiya, ya za a ba yara na'urar magana? Wannan magana ba ta wasa ba ce, gama ba wanda ya fi talaka shan wuyar ɓarayin daji. Amma ku auna. Ɓarawo bai jira lasisi ba kafin ya riƙe waya ko oba-oba. Ba ya zama jarrabawa, ba ya ba gwamnati sunansa da ƙofar gidansa. Ɗan sha'awa kuwa doka ta ce ya riƙa faɗin lambarsa a kai a kai, ta hana shi magana a dunƙule don ɓoye ma'ana, duk mai na'ura kuma yana jin abin da ya ke faɗi. Ta hana shi ciniki a ciki, ta hana shi mai da shi gidan rediyo. Sabo da haka, Alhaji, ba za ka tambayi farashin goro a Shagamu ta cikinsa ba, mu ma ba za mu yi shelar jam'iyya a ciki ba. Ina ɗaga murya a nan domin masu kai rahoto da ke zaune a baya su rubuta daidai.

Saura kuɗi. Kayan sauraro na makaranta ɗaya ba su kai kuɗin sabon babur ba. Na'urar magana ta fi tsada, sai an haɗa da batir da farantin sola tun da wuta ba ta da tabbas, amma kuɗin mota ɗaya daga cikin jerin gwanon da ke kore ku daga titi da jiniya ya isa makarantu da yawa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabon kafin ta ɗauka, jihohi da dama kuwa sun sha barin nasu a kwance. In an so a kan yi. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ku tambaya ku ji likitoci da injiniyoyi nawa suka fito daga can, da yawansu 'ya'yan manoma.

Abin da mu ke nema ke nan. A fara da makarantar gwamnati ɗaya ta maza da ɗaya ta mata a ko wace ƙaramar hukuma. Ta mata ba kara a ke mata ba, kun dai ji sunan mata biyu a cikin labarin nan. A koya wa malamin kimiyya har ya ci jarrabawar lasisi. Tun da lasisi a hannun Gwamnatin Tarayya ya ke, wakilanmu su matsa a riƙa yin jarrabawar a babban birnin ko wace jiha, a kuma yafe wa makarantu kuɗinsa. Abin da na fi tsoro ba a ƙi mana ba ne, a amsa ne irin amsawar da kuka sani. A ba ɗan kwangila, ya sayo na'ura mai tsada, a kira 'yan jarida a yanka kyalle a ɗauki hoto, sa'an nan a kulle ta a ofishin hedimasta don kada yara su ɓata. Na'urar da yaro bai taɓa ba, da ita da zanen allo duk ɗaya ne. Mu rubuta a takardar baƙi da fari cewa mabuɗin ɗakin yana hannun ƙungiyar yara da malaminsu, abin da ya lalace kuma su za su buɗe su gyara.

A nan ne ku ke shigowa, masu gyaran rediyo da waya. Malami ya san lissafi amma bai taɓa riƙe ƙarfen like ba. Kai kuma ka san ƙamshin dalma, da taɓawa ka kan gane abin da ya ƙone, amma ba wanda ya gaya maka lissafin da ke bayansa, ba ka kuma da takarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna neman a ɗauki mai gyara ɗaya ga ko wace ƙungiya, yini ɗaya a mako, a biya shi ladan yininsa, in ya so shi ma ya zauna jarrabawar tare da yaran.

Magana ta iska sai da lasisi, wannan za mu bi doka mu jira. Amma naɗa waya da awo da haɗa akwatin sauraro ba sai mun jira kowa ba, ɗakin bayan ofishin jam'iyya kuwa a buɗe ya ke ga ɗan kowa, ko ubansa namu ne ko ba namu ba. Duk mai mataccen rediyo, ko tsohon dish, ko tef ɗin awo da ya karye, ko ragowar waya, ya kawo ranar Alhamis bayan la'asar. Shugabar mata za ta rubuta sunayen 'yan matan da iyayensu suka yarda. Masu gyara su tsaya su gan ni kafin su watse. Takardar bukatun tana kan teburin nan, za a karanta ta da Hausa tukuna, sa'an nan mai sa hannu ya sa, mai dangwala yatsa ga tawada.